Motar Nao Leng Kue

A gonar haya muka yi faɗan nan ni da Nao Leng Kue, tsakanin kunyar barkonona da kunyar kabewarsa, a shekara ta biyu ta annoba. Ina tsugune ina cire ciyawa sai maƙwabciyata ta leƙo ta shinge ta ce min wai ko na ji mijin yayata ne zai tashi a gaban majalisar birni ya roƙo mana zauren makoki. Ko hannu ban kakkaɓe ba na tsallaka wurinsa.

"Yaya, da gaske ne abin da na ji?"

"Ya danganta da bakin da kika ji shi."

"Kai da kake kwana kusa da injin wankin surukinka, kai ne za ka je ka ce a bar gidajen tsofaffi a gina wa matattu masauki?"

Bai ɗago kai ba. Yana ta ɗaure yaɗon kabewa a jikin sanda kamar da ita muke magana.

"Matattun ma tsofaffi ne, Pang. Yawancinsu."

"Su ai sun samu wurin kwana. Kai ne ba ka da shi."

"Ina da mota," in ji shi.

Wannan maganar ce ta tunzura ni. Na ce masa tun ranar da ya zo neman auren yayata Dia da wandon aro na san kansa ba ya ja. Ya ce ni kuma tun ina goye bakina ya riga ƙafata fita waje. Na tsinki ɗanyar kabewa ɗaya daga cikin nasa na jefe shi da ita, ta same shi a kafaɗa. Duk masu noma suka dogara da fartanya suna kallo. Ya sunkuya ya ɗauki kabewar, ya goge ta a riga, ya sa a kwando, ya ce ko ba komai na taya shi girbi.

Sai an san yadda aka yi ya kai ga motar nan kafin a gane wanda ya fi gaskiya a cikinmu.

Nao Leng gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai tafiya kamar yana ɗauke da buhu ko da hannunsa babu komai. A kan duwatsun Laos aka haife shi, a ƙauyen da ke tsallaken namu. Bai taɓa zama a aji ba. Abin da ya koya wurin ƙanen mahaifinsa shi ne keng, abin busan nan namu na gora mai bututu shida, wanda ake busa wa mamaci don kurwarsa ta san hanya. Ba aikin malalaci ba ne. Mai busa yana tsugunawa, yana juyi, yana zagaya ganga, yana gaya wa mamaci duk inda zai bi. Da farko ya yi sallama da ƙofar gidansa, da murhu, da bangon kakanni. Sannan ya koma da baya gari bayan gari, duk inda ya taɓa zama ya sha ruwa, har ya isa inda aka binne mabiyiyarsa, daga nan sai wurin waɗanda suka riga shi. In aka tsallake wuri ɗaya, kurwa ta ɓace, ta dawo ta addabi masu rai.

Da yaƙi ya kore mu, Nao Leng ya ƙetare kogin Mekong da keng ɗaure a kansa, Dia riƙe da ɗamararsa. Har ta mutu ba ta daina faɗa ba cewa da suka kai gaɓa gorar ya fara dubawa kafin ita. Suka yi zaman sansani a Thailand, aka haifi 'yarsu ta fari a can, sannan jirgi ya sauke su a jihar Wisconsin a tsakiyar sanyi, shi da silifa a ƙafa. Ya samu aiki a masana'antar ƙofofi da ke bakin kogi, a nan gashinsa ya yi fari. Ƙofar da hannunsa ya goge ta isa a rufe garin nan kaf, amma bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. Duk abin da ya tara, ko sadakin wani ɗan dangi ya cinye, ko makokin wani ya lashe. Daga Juma'a zuwa Litinin ba a samunsa a gida. Yana wurin gawa, yana busa, ya dawo da cinyar saniya a leda da murya a dushe.

'Ya'ya huɗu suka haifa, mata uku da namiji ɗaya, Fue. Da matan suka yi aure suka koma na wasu dangi, shi da Dia suka zauna tare da Fue da matarsa a gidan haya, yadda ya kamata. A bangon da ke kallon ƙofa ya manna takardar kakannin danginsa na Kue, da gashin zakara a jikinta, kowace sabuwar shekara yana sabunta ta. A gidan nan Dia ta cika, a kan shimfiɗarta, aka yi mata kwana huɗu cur, aka yanka shanu, ba a tsallake mata ko rijiya ɗaya ba. Nao Leng ya ɗauka shi ma haka tasa za ta kasance.

Sai annoba ta zo. Fue yana aiki a masana'antar nama, inda aka ce ba za a rufe ba domin dole mutane su ci. Ya kwaso cutar, aka kai shi asibiti, aka rufe ƙofa. Ganin ƙarshe da Nao Leng ya yi wa ɗansa a fuskar waya ne, a hannun wata ma'aikaciyar jinya da ba a ganin komai nata sai ido. Jana'izar safiya ɗaya aka yi, mutanen da ba su kai a cika mota biyu ba, kowa da ƙyalle a baki. Aka hana busa, wai numfashi ne ke yaɗa cutar. Mutumin da ya raka matattun garin nan duka ya tsaya a kan gawar ɗansa hannu sake. Bayan wata biyu matar Fue ta kwashi yara ta koma wurin iyayenta a birnin Saint Paul. Mai gidan hayar kuma ya sayar wa wasu da suka fenta shi suka ninka haya. Nao Leng ya ɓamɓare takardar kakanni daga bango, ya naɗe ta a kwali, ya koma ɗakin ƙasa a gidan 'yarsa Kabao.

To, ko yaron goye a cikinmu ya san mutum ba ya mutuwa a gidan suruki. Gidan Kabao gidan mijinta ne, Meng, kakannin danginsa na Moua ne a bangonsa. Ɗan Kue zai iya ci a nan, ya sha, ya kwana, ya yi wasa da jikoki, amma in ransa ya fita a ƙarƙashin rufin nan, ya jawo wa gidan abin da ba ya wankuwa, kurwarsa kuma ba ta da ƙofar da za ta yi wa sallama. Da a ce yana da ɗan'uwa na jini a garin, da can zai je. Amma Kue dangi ne 'yan kaɗan. Wanda ya rage masa yana California, ya shiga coci, ya ƙone tasa takardar tuntuni.

Saboda haka Nao Leng ya yi wa kansa dabara. Yana da tsohuwar mota, ruwan toka, tsatsa ta ci ƙasanta, amma da sunan Kue aka yanke mata takarda. Ya ajiye kwalin kakanni a kujerar baya. Ba ya faka ta a harabar gidan, sai a bakin titi, domin titi na birni ne. Duk lokacin da ƙirjinsa ya matse, ko kansa ya yi jiri, sai ya lalubi makulli, ya hau matakala a hankali, ya fita ya zauna a gaban sitiyari ya jira. In abin ya wuce, ya dawo ya ci gaba da shan shayinsa.

Wata safiya ta hunturu Meng ya fito da rigar barci yana ƙwanƙwasa gilashi.

"Baba, ku yi haƙuri ku shigo. Maƙwabta za su ce korarku muka yi."

"Ƙirjina ne. Bari ya gama shawara."

"Ni fa wannan al'adar ba ta dame ni ba. A nan aka haife ni."

"Na sani, ɗana. Uwarka fa?"

Meng ya waiga gida. A bayan labule mahaifiyarsa tana tsaye tana kallonsu. Matar nan tana ganin girman Nao Leng, in an dafa kaza shi take tsame wa cinya, in ya fita mota ita take aiko masa da ruwan zafi da bargo. Amma ba a taɓa jin ta ce masa ya dawo ciki ba.

Kabao ta ce to ya yarda a riƙa kai shi asibiti, asibiti ba gidan kowa ba ne. Ya ce ya ga yadda ake mutuwa a asibiti, a waya. Kuma mutuwa ba ta yin sallama balle a ce mata ta dakata a kira mota.

A cikin wannan hali ne gwamnatin tarayya ta aiko wa birane kuɗin farfaɗowa daga annoba, namu ma ya samu rabonsa, mai kauri. Muka ga abin da aka yi da shi, ai ba a ɓoye yake ba. Aka tone tituna aka canza tsofaffin bututun ruwa. Aka sayo motar kashe gobara, da motar asibiti, da manyan motocin ture ƙanƙara. Aka ƙara wa 'yan sanda da direbobin bas albashi don kada su gudu. Aka gyara wurin ninƙaya, wanda ake buɗewa wata uku a shekara. Ban ce duka ɓarna ba ce. Ruwan famfo ya daina ɗanɗanon tsohuwar tukunya. Amma a lokacin nan haya tana hawa kamar yaro a bishiya, kuma duk wanda ya tambayi maganar gidaje sai a ce masa ana nazari.

Abin da ya rage a ƙasan tukunya aka ce na unguwarmu ne, a yi wani abu da tsohuwar makarantar da aka rufe. Hanya biyu aka shimfiɗa. Ko a yanka azuzuwan a mai da su ɗakunan haya mai sauƙi na tsofaffi, kowa da ƙofarsa da murhunsa, ko a buɗe ginin ya zama zauren jama'a. Kuɗin ba zai kai duka biyu ba. Kabao ta je ta tambayo, aka ce mata in ɗakuna aka yi, irin su mahaifinta ne a gaba.

Ƙungiyar dangoginmu zaure take so. Gidan jana'iza ɗaya ne a garin da yake yarda da kwanakinmu da gangarmu da hayaƙinmu, kuma an kama shi har shekara mai zuwa. Gawarwaki suna jira a firji wata da watanni. Ga waɗanda aka binne cikin gaggawa lokacin annoba, duk ba a saki kurwarsu ba. Shugaban ƙungiya, Chong Tou Hang, ya sauko ɗakin ƙasa da kansa, da kwalba da ƙananan kofuna biyu, ya zauna a kan kwandon wanki.

"Babban yaya, in ni na yi magana za su ce ɗan siyasa ne. In yaran nan masu digiri suka yi, za su ce sun karanto ne. Kai kuwa kowa ya san Fue."

"Ka san inda nake kwana, Chong Tou."

"Ina zaune a ciki."

"Ka san abin da kake roƙona ke nan."

"Na sani. Shi ya sa na zo da kwalba babba."

Nao Leng bai ba shi amsa a ranar ba. Ya yi kwanaki yana zuwa gona yana dawowa yana auna maganar. Abin da yake aunawa ba mai yawa ba ne. Shi dai har yanzu yana numfashi, yana da mota. Fue kuwa yana can a tsaye a inda aka bar shi, ba wanda ya gaya masa ya bi ta sansanin Thailand, ba wanda ya nuna masa mashigar kogi. Uban da ya san hanya ya bar ɗansa a tsaye, ya tafi neman ɗaki mai murhu? Ya aika wa Chong Tou cewa zai yi. Kashegari na jefe shi da kabewa.

Ranar zaman majalisa ya sa baƙar rigarsa ta makoki da jar ɗamara, ya rataya keng a kafaɗa. Ɗakin ya cika. Wata Baturiya daga ƙungiyar 'yan haya ta tashi ta yi magana mai kyau a kan tsofaffin da ake fitarwa daga gidaje, ni har tafi na yi mata ko da rabi na ji. Sannan aka kira Nao Leng. Ta bakin tafinta ya faɗi yadda aka binne Fue, bai ƙara gishiri ba, bai yi kuka ba. Wani kansila mai jan wuya, da abin ya taɓa shi, ya ce ko dattijo zai ɗan busa musu su ji.

Nao Leng ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa tafinta, "Tambaye su wane ne a cikinsu ya mutu."

Namu suka fashe da dariya, su ma suka yi, ba su san ta mece ce ba.

Sai kansilar unguwarmu, Misis Novak, mace mai kirki, mai son ta yi daidai, ta jawo abin magana kusa da bakinta. Ta ce tana so ta tabbata ba a cuci kowa ba. Shi Mista Kue, a ina yake zaune?

"Wurin 'yata," in ji shi.

Fuskarta ta washe. Ta ce ya yi sa'a, ina ma duk tsofaffin garin nan suna da 'ya'ya irin nasa, ta ce abin da take sha'awa ke nan game da mutanenmu, ba ma yar da iyayenmu. Tafinta ta juyo tana kallon Nao Leng, tana jira ya ƙara wani abu. Meng yana zaune a layi na biyu, ya bar aiki ya kawo shi. Ta yaya mutum zai tsaya a gaban birni guda ya ce gidan surukin da ke ciyar da shi bai isa a mutu a cikinsa ba? Nao Leng ya sunkuyar da kai ya yi godiya ya zauna.

Zaure ya ci. Maganar gidaje aka ce sai kuɗi na gaba sun zo. Ba su zo ba.

Ba zan hana wa zauren haƙƙinsa ba. An gyara shi tsaf, da wurin girki mai faɗi, da fankar da ke janye hayaƙi. Ranakun aiki tsofaffi suna cin abincin rana a ciki, yara suna wasan ƙwallo, ana allurar rigakafi. Ƙarshen mako namu ne. Hidimar farko da aka yi a ciki ta Fue ce. Uba ba ya busa wa ɗansa, don haka wani da Nao Leng ya koyar ne ya busa, shi kuma yana zaune a kujerar roba, leɓensa yana motsi, yana bin kowane gari. Da aka kai mashigar kogi sai ya rufe ido. Bayan wannan ya busa wa na wasu, mako bayan mako, har aka sallami duk waɗanda annoba ta bari a tsaye. A cikin watannin nan kuma tsofaffin mata uku da muke noma tare suka bar garin saboda haya, ɗaya ma ba ta tsaya ta cire albasarta ba.

Ni ban yi masa magana ba tun ranar kabewa. In mun haɗu a zaure sai in miƙa masa shinkafa ina kallon bango.

Hunturu na biyu ya zo da ƙarfi. Wata rana da hantsi ƙirjinsa ya kama shi, ya fita mota. Kabao da Meng suna wurin aiki, mahaifiyar Meng tana barci. Sabuwar motar ture ƙanƙara ta bi titin, ta tara masa tudu har gilashi, ƙofa ta ƙi buɗuwa, injin ya mutu. Mai kawo wasiƙa ne ya hango hula a ciki. Aka tono shi a sandare kamar kifin firji, da ransa. Ya kwana biyu a asibiti yana zagin kowa, aka sallame shi da ƙwayoyi. Kabao ta zo gidana tana kuka.

"Inna, ki yi masa magana. Ke kaɗai yake tsoro."

"Ba tsorona yake ba, kunnensa ne ya saba da ni."

"Ya ce gobe ma in ya ji ciwo motar zai koma."

Na zauna na dubi bangona. Gidana ƙarami ne, ɗaki biyu, amma an gama biyansa tun mijina yana da rai. Takardar kakannin Lor, dangin mijina, tana nan a manne, ta yi baƙi, ba wanda ya sabunta ta tun da ya mutu, domin 'ya'yana maza biyu duk sun shiga coci. A gidan nan ma Nao Leng ba zai iya mutuwa ba, gidan Lor ne. Sai dai mace tana bin kakannin wanda ta aura, bangonta ma haka.

Na same shi a motar, ba ciwo yake ba, yana gwada ko injin zai tashi. Na buɗe ɗaya ƙofar na shiga na zauna.

"Wari take yi," na ce.

"Ba a gayyace ki ba."

"Yaya, birni ya ba matattu gida, kai ya ba ka tudun ƙanƙara. Ka ƙoshi?"

"In faɗa kika zo, babu kabewa yanzu, sai an yi shuka."

"Aure na zo."

Ya saki makulli ya juyo gaba ɗaya. "Auren wa?"

"Nawa da naka. Ka kawo kwalin nan ka manna a bangona. Ɗakin baya naka ne, kada ka kuskura ka leƙo nawa. Za ka kwashe ƙanƙarar ƙofar gida, za ka daina tofa yawu a kwandon shara."

Ya waiga ya dubi kwalin da ke kujerar baya. Ya san abin da ke ciki fiye da ni, shi ne mai raka mutane. Sai ya ce, "Pang, in kin mutu ba wurin mijinki za a kai ki ba. Wurin Kue za a kai ki."

"Mutumin nan ya sha surutuna shekara talatin, bari ya huta."

"Dia ce babba a can."

"Tun ina rarrafe ita ce babba. Me ya canza?"

"Mutane za su yi dariya."

"Sun riga sun yi, ranar da aka tono ka da shebur."

'Ya'yana suka yi tsalle suka dire a waya. Babban ya ce me zai gaya wa mutanen cocinsu. Na ce ya gaya musu uwarsa ta yi abin da majalisa ta kasa. Chong Tou ya tara dattawan Lor da kansa, da wata kwalbar, ya durƙusa ya roƙa su sake ni, domin ya san da hannunsa a ciki. Aka dafa kaji, aka ɗaura mana farin zare a wuyan hannu. Wani dattijon Lor ya sauke tasu takardar da girmamawa ya tafi da ita. Nao Leng ya yanka zakara, ya hau kujera Meng yana riƙe da ƙafafunta, ya manna ta Kue a bangon da ke kallon ƙofa. Mahaifiyar Meng ta kawo shinkafa mai danƙo cike da kwando, ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

Ya yi noma ɗaya da hunturu ɗaya a gidan. Ya gyara ƙofar gaba da ta daɗe tana cijewa, ya cire ta, ya fere gefenta, ya mayar, ya yini yana buɗewa yana rufewa kamar yaro da sabon takalmi. Bai daina tofa yawu a kwandon shara ba. Ya ci gaba da zuwa zaure, amma ya bar juyi da tsugunno, sai ya zauna yana gyara wa matasa in sun tsallake gari. Motar ya ƙi sayarwa. Tana nan a bakin titi, makullinta a aljihun rigarsa ko da yaushe.

Ya mutu a farkon shuka, da safe, a kujerarsa ta falo, fuskarsa tana kallon bangon kakanninsa. Sabuwar motar asibitin nan ta birni ta zo da sauri, ba laifi, amma ta tarar ya riga ya tafi. A zauren da ya roƙo aka yi masa kwana huɗu, Misis Novak ma ta zo da furanni ta tsaya a baya. Mai busa ya fara daga ƙofar da Nao Leng ya fere da hannunsa.

A safiyar da ya mutu ina wanke shinkafa na ji faɗuwar kofi. Na leƙo na gan shi a tsaye, fuskarsa ta yi toka, hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan yana laluben aljihu. Ya ciro makulli, ya nufi ƙofa yana jan ƙafa, jikinsa ya riga hankalinsa tuna hanya. Na sha gabansa na fizge makullin, na kama shi a gwiwar hannu na juyo da shi.

"Ina za ka, tsoho? Koma ka zauna. Gidanka ne."